Ɗigon Gam Mai Hana Shanyewar Ƙafafu

Cikin cututtukan da kan shanye ƙafafun mutum akwai wata wadda ba ta cika yawa ba, amma ya kamata kowane mai karatu ya san labarinta, gama tana cikin 'yan kaɗan ɗin da likita ke iya tsayar da su in an gane su da wuri. Galibi magidanci ta kan kama, wanda ya ba shekara 50 baya. Da fari sai ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi in ya yi 'yar tafiya, ko ya hau bene, ko ya daɗe a tsaye, in kuwa ya zauna ya huta sai abin ya sake shi. Bayan 'yan watanni tafin ƙafa ya sage, ƙugu ya riƙa ciwo, fitsari ya soma gardama, yau ya ƙi fita, gobe ya kuɓuce. Shi da iyalinsa su ce tsufa ne, ko sanyi, wasu ma su ce jifa ne. Ana nan ana ta jiƙe-jiƙe har ran da za a wayi gari sai an ciccibe shi a kai shi bayan gida. Alhali kuwa tushen wannan wahala duka wata 'yar kafa ce a jijiyar jini, wadda da ƙyar ido ke ganinta, likitocin zamanin nan kuma suna iya liƙe ta da ɗigon gam ba tare da sun tsaga bayan mutum ba.

Kafin mu shiga zancen magani sai mu daidaita kalmomi, domin Bahaushe jijiya ɗaya ya sani. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, har agarar da mahauci ke yarwa ita ma jijiya ce. A wannan bayani, wadda ke ɗauko jini daga zuciya da ƙarfi za mu kira ta mai kaiwa, wadda ke mayar da shi zuciya a hankali kuwa mai komowa. Masu ɗaukar saƙo su ne jijiyoyin laka.

Ita laka tana kwance cikin ramin ƙashin baya, daga gindin ƙoƙon kai har zuwa farkon ƙugu. Tsawonta wajen inci 18 ne, kaurinta kuwa kamar ɗan ƙaramin yatsa. Jijiyoyi 31 ke fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu, su ne ke kai umurni ga hannuwa da ƙafafu da mafitsara, su kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Tantani uku ya lulluɓe ta, na waje shi ne mai tauri kamar jemammiyar fata. Jijiyoyin jini uku ke bin tsawonta, ɗaya ta gaba, biyu ta baya, ta gaban nan ita kaɗai ke ciyar da kamar kashi biyu cikin uku na lakar. Ba ta isa ta ɗauko jini tun daga sama har ƙasa ita kaɗai ba, sai da taimakon wasu 'yan rassa da ke shigo mata ta tsakanin gaɓoɓin ƙashi. Mafi girma cikinsu ita ce wadda wani malamin ƙasar Folan, Albert Adamkiewicz, ya bayyana a 1882, har yanzu kuma da sunansa a ke kiranta. Ga yawancin mutane ta hagu ta kan shigo, wajen haƙarƙari na ƙasa. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

A jiki mai lafiya jini ba ya tsallakawa daga mai kaiwa zuwa mai komowa kai tsaye. Sai ya ratsa ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka fi gashi sirantaka, a nan ne ya ke ba nama abincinsa, a nan ne kuma ƙarfinsa ke karyewa, ya isa ga mai komowa a sanyaye. To, wani lokaci kafa ta kan buɗe tsakanin jijiyoyin biyu, jini ya riƙa zarcewa da ƙarfinsa na asali. Likitoci suna kiran irin wannan kafa fistula, watau sunan nan da su ke kiran yoyon fitsari da shi, domin ma'anarsa hanya ce da ta buɗe inda bai kamata ba. Wadda ta fi yawa a ƙashin baya, har kamar kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan cututtuka, tana cikin tantanin nan mai tauri, daidai inda jijiyar laka ke huda shi ta fita. Ba haihuwar mutum a ke yi da ita ba, daga baya ta ke samuwa. Maza sun fi mata kamuwa nesa ba kusa ba, wajen huɗu cikin kowane biyar maza ne, an kuma ƙiyasta mutum 5 zuwa 10 cikin miliyan ke samunta a shekara.

Yadda 'yar kafar nan ke kashe ƙafafu shi ne abin da ya ruɗe likitoci shekara da shekaru. Wanda ya taɓa zama a gida mai kwatami guda da damina zai gane shi nan da nan. In ruwan titi ya fasa ya shigo cikin kwatamin da ƙarfi, ruwan tsakar gida ba shi da wurin fita, sai ya taru ya kwanta, tun yana jiƙa gindin bango har ya zubar da shi. Haka jini mai ƙarfi ke cika jijiyoyi masu komowa da ke jikin laka, su kumbura su murɗe kamar tsutsa, jinin da lakar ta gama amfani da shi ya rasa mafita. Sai lakar ta kumbura, sabon jini ya kasa shiga sosai, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Kumburin kuwa ƙasa ya kan fara taruwa, a wutsiyar laka, ko da kafar tana can sama, shi ya sa ƙafafu da mafitsara ke fara ji. Shi ya sa kuma tafiya da tsayuwa da yunƙuri, har da waƙa da ƙarfi, kan tsananta abin, hutu ya sassauta shi.

Akwai wasu iri dabam waɗanda ba za mu daɗe a kansu ba. Ɗaya dunƙulen jijiyoyi ne a cikin naman lakar kanta, yara da matasa ya kan bayyana gare su, sau da yawa ta hanyar fashewa. Mutum yana zaune lafiya sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a gadon baya, wani likitan Faransa mai suna Michon ma sunan da ya ba alamar ke nan a 1928, sukan wuƙa. Wata kuma kafa ce a saman lakar. Akwai kuma wani ɗan ƙulli mai kama da 'ya'yan itace wanda jini ba ya gudu a cikinsa, shi gam ba ya kai gare shi, sai fiɗa.

A 1926 wasu likitoci biyu na birnin Faris, Charles Foix da Théophile Alajouanine, suka ba da labarin marasa lafiya biyu waɗanda ƙafafunsu suka shanye a hankali har suka rasu. Da aka duba gawarsu sai aka tarar lakar ta lalace, jijiyoyin jini kuma sun yi kauri sun nannaɗe ta. Sun ga abin da idonsu, amma ba su kai ga sanadinsa ba. Likitocin fiɗa da suka biyo baya suka ɗauka murɗaɗɗun jijiyoyin nan su ne cutar, suka riƙa buɗe baya suna ɗaye su daga jikin laka, aiki mai tsawo mai haɗari, ashe kwatamin su ke cirewa.

Abin da ya kawo haske shi ne hoton jijiya. Egas Moniz na Lisbon, a ƙasar Fotugal, shi ya fara zuba wani ruwa mai tare hasken eksire cikin jijiyar wuya a 1927, jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka fito a hoto. A 1953 wani likitan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar da har gobe a kanta a ke: a soka allura a jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, sa'an nan a zura siririn tiyo ya bi bayan wayar. Dabara ce mai sauƙi ƙwarai, irin wadda kowa ya ji zai ce ai da ni ma na yi, amma ita ta buɗe wa likita hanyar zuwa kowane lungu na jiki ta cikin jijiya. A shekarun 1960 René Djindjian na asibitin Lariboisière a Faris, da John Doppman da Giovanni Di Chiro a Bethesda ta Amurka, suka koyi shiga ƙananan jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar hoton jinin laka. Da tiyo ya kai bakin cuta, sai tunani ya zo, me zai hana a tura wani abu ta cikinsa ya toshe ta? A 1968 Doppman da Di Chiro, tare da Ayub Ommaya, likitan fiɗa haifaffen Fakistan, suka ba da labarin sun yi haka da 'yan ƙwallayen ƙarfe. Wasu suka gwada guntayen nama da soso.

Amma sai a 1974 Michael Aminoff da Valentine Logue na London suka bayyana cewa cunkoson jini a jijiyoyi masu komowa ne ke kashe laka. Suka kuma bi tarihin marasa lafiya 60, suka ga wajen rabinsu sun nakasa ƙwarai cikin shekara 3 da fara samun matsalar tafiya. A 1977 Brian Kendall da Logue suka nuna inda kafar ta ke, watau a cikin tantani, waje da lakar. Tun daga nan magani ya sake fuska: a bar murɗaɗɗun jijiyoyi inda su ke, a datse kafar kurum, su da kansu za su saɓe.

Ga yadda a ke aikin yau. Mara lafiya ya kwanta a kan tebur ƙarƙashin na'urar eksire mai nuna cikin jiki a allo, galibi a sa shi barci, domin ko motsin numfashi ya kan ɓata hoton. Likita ya huda babbar jijiyar da ke matsematsi, hudar da ba ta fi ƙwayar dawa ba, ya zura tiyo ya haura cikin uwar jijiyoyi wadda ke bin gaban ƙashin baya. Daga nan sai farauta. Kowace gaɓa tana da reshe a dama da hagu, sai ya sa bakin tiyon a kowanne, ya fesa ruwan hoto, ya duba, ya matsa gaba. In kafar ta ɓuya ya kan bi rassa fiye da 20, wani lokaci har ya gangara ƙugu ko ya haura wuya, aikin ya ci sa'o'i. Yanzu hoton maganaɗisu, wanda a ke kira MRI, ya kan rage wahalar, domin yana nuna yankin da ya kamata a fara nema.

In an sami reshen da ke ciyar da kafar, akwai tambaya guda da dole a amsa kafin a taɓa kome. Shin wannan reshe shi ne kuma ke ba lakar jini? In jijiyar Adamkiewicz, ko wata 'yar'uwarta, daga reshen nan ta fito, to gam ya haramta, gama ɗigo ɗaya in ya kauce ya shiga jijiyar gaba, mutumin da ya shigo yana dogara sanda zai farka ba ƙafafu ke nan har abada. Likitoci sun san ta da siffarta a hoto, ta kan hau sama sa'an nan ta yi wata sharɓeɓiyar kwana ta gangaro. Saboda ita ne a ke neman ta tun da fari, ko da tana nesa da cutar. A wasu asibitoci kuma su kan liƙa wayoyi a kai da ƙafafun mara lafiya, suna aika saƙon lantarki ta cikin laka suna sauraron amsa duk tsawon aikin, in amsar ta raunana su tsaya.

In hanya ta yi kyau, sai a zura wani tiyo cikin na farko, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a lallaɓa shi har dab da kafar. Gam ɗin da a ke turawa ɗan'uwan wanda a ke liƙa fasasshen tangaran da shi ne, irin mai kama yatsu nan take, sai dai an tace shi domin jiki. Da ya taɓa jini ya ke daskarewa. Don haka a ke gauraya shi da wani mai da a ke kira Lipiodol, wanda a ke yi da man 'ya'yan wani fure da aidin, tun 1901 a ke da shi a Faransa. Man nan aiki biyu ya ke yi: yana jinkirta daskarewar, yana kuma sa gam ɗin ya fito a allo. A nan gwanintar ta ke. In gam ya yi kauri sai ya daskare tun bai isa ba, ya toshe reshen kurum ya bar kafar a buɗe, bayan 'yan makonni wasu ƙananan rassa na maƙwabta su kewayo su ci gaba da zuba mata jini, ga shi kuma an rufe ƙofar da za a sake shiga. In ya yi ruwa da yawa sai ya zarce can cikin jijiyoyin da laka ke fitar da jininta, ya ƙara mata cunkoso. Abin da a ke so shi ne ya ratsa kafar ya cika farkon jijiya mai komowa, ɗan taƙi kaɗan, ya tsaya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu ne, sa'an nan likita ya fizge tiyon da sauri kada shi ma ya manne a ciki. Akwai wani ruwan toshiya mai suna Onyx, baƙi, wanda ke daskarewa a hankali kamar kunu mai sanyi, yana ba likita sukunin turawa, amma a waɗannan 'yan ƙananan kafofi ba kullum ya ke kutsawa ya kai inda a ke so ba. Garin roba kuwa, wanda aka yi yayinsa da, an rage amfani da shi a wannan cuta, domin jijiyar ta kan sake buɗewa.

In an gama sai a zare tiyo a danne wurin hudar, mara lafiya ya kwanta 'yan sa'o'i ba ya lanƙwasa ƙafa. Ba ɗinki, ba a taɓa ƙashi ba, cikin 'yan kwanaki ya koma gida.

Kada mai karatu ya ɗauka gam ya kori wuƙa. Fiɗar da a ke yi wa wannan cuta yanzu ba irin ta da ba ce, ƙarama ce: a cire ɗan ɓangaren ƙashi a gaɓa ɗaya ko biyu, a buɗe tantani, a nemo jijiya mai komowa daidai inda ta shigo, a datse ta. Wani lissafi da Steinmetz da abokan aikinsa suka buga a 2004, inda suka tattara rahotannin asibitoci da yawa, ya nuna fiɗa ta rufe kafar ga kashi 98 cikin 100, toshiya ta tiyo kuwa kashi 46. Da kayan aiki suka inganta, wani lissafin na 2015 ya ba fiɗa wajen kashi 97, toshiya kashi 72. Ke nan har yanzu fiɗa ce gaba wajen tabbas. Abin da toshiya ta fi shi ne sauƙi ga jiki, musamman ga tsoho mai ciwon zuciya ko sukari, ga shi kuma ana iya yin ta a zama ɗaya da ɗaukar hoton, tun da tiyo ya riga ya kai wurin. Shi ya sa asibitoci da dama su kan fara gwada gam in hanya ta ba da dama, in bai kai ba su wuce ga fiɗa ba da jinkiri ba, gam ɗin da ya daskare ma ya zama alama mai nuna wa likitan fiɗa gaɓar da zai buɗe. A ganina wannan ita ce hanyar hankali, kuma mara lafiyan da aka ce masa an toshe yana da hakkin ya tambaya ko gam ɗin ya kai jijiya mai komowa. A dunƙulen nan na cikin laka kuwa, inda wuƙa ke da haɗari ƙwarai, sau da yawa toshiya ce babbar madogara, ko da ya ke ba kullum ta ke kawar da shi duka ba, wani lokaci rage shi kurum a ke yi, a toshe wurin da ya fi barazanar fashewa.

Bayan an rufe kafar, yawancin marasa lafiya cutar ta kan tsaya, da dama kuma ƙarfin ƙafa ya kan komo cikin watanni, tare da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti. Fitsari da bayan gida da zogi da sha'anin iyali su ne masu taurin kai, ba su cika komowa daidai ba. Abin da ya fi kome yanke hukunci shi ne halin da mutum ke ciki ran da aka yi aikin. Wanda ya zo da ƙafarsa ya fi samun komawa da ita. Abin baƙin ciki, ko a ƙasashen da ke da kayan aiki a kan shekara ɗaya ko fiye kafin a gane cutar, domin tana kama da wasu da suka fi ta yawa, kamar zamewar faifan ƙashin baya, da lalacewar jijiya ta ciwon sukari, da kumburin 'yar ƙwayar nan ta bakin mafitsara da kan dami dattawa. Har fiɗa an sha yi wa mutane a kan cutar da ba ita ba ce. Wasu kuma a ɗauka kumburin laka ne na yau da kullum, a ba su allurar sitiroyid mai ƙarfi, ita kuwa an sha ganin ta ƙara durƙusar da mai wannan cuta cikin yini guda.

A ƙasashenmu akwai ƙarin abin da ke rufe ta. Likitan da ya ga ƙafafu na shanyewa a hankali dole ya fara tunanin tarin fuka na ƙashin baya, da tsargiya, wadda ƙwayayenta kan kai ga laka, gaskiyarsa kuwa, domin sun fi yawa, suna kuma da maganin sha. Amma in an bi waɗannan ba a ga sauƙi ba, hoton maganaɗisu na dukan tsawon baya shi ne mai raba gardama. A cikinsa wutsiyar lakar ta kan fito fara saboda kumburi, kewaye da ita kuma ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo jere, watau murɗaɗɗun jijiyoyin nan da jini ke gudu a ciki. Toshiyar kanta sai babban asibiti mai na'urar hoton jijiya da likitan da ya ƙware a kanta, ba kowane gari ba, amma ganewar ana iya farawa daga ɗakin likita na kusa.

Malaman makaranta da akawuna su ne a kan kira in za a kai dattijo asibiti, su ne ke yi masa bayani gaban likita. Wanda wannan aiki ya faɗo masa ya rubuta watan da nauyin ƙafa ya fara, da ko tafiya na tsananta shi hutu na sassautawa, da lokacin da fitsari ya soma canzawa, ko da dattijon yana jin nauyin faɗa, da kuma ko wata allura ta taɓa ƙara masa rauni. Bayan an yi aikin ma akwai sauran lura. A kan sake ɗaukar hoto bayan 'yan watanni a ga ko kumburin ya saɓe, in kuwa nauyin ƙafa ya fara komowa bayan an sami sauƙi, a mayar da shi asibitin da aka yi aikin a makon nan, domin alama ce kafar ta sake buɗewa, ana kuma iya sake rufe ta.